Bayan Ƙirga Ƙuri'a: Wa Zai Zauna da Wa a Zamfara ta Yamma?

 Sharhin yau ya yada zango ne a Faru, garin nan na ƙasar Maradun a Jihar Zamfara, wanda Hausawa da yawa suka fara jin sunansa ta dalilin makaɗa Sa'idu Faru.

Garuruwa uku ne manya a wannan yanki, Maradun da Talata Mafara da Bakura, kuma maƙwabtan juna ne. Su ne suka ba Zamfara uku daga cikin gwamnoninta na farar hula. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle, daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan cikin 24 mulkin jihar yana hannun 'ya'yan wannan yanki, kuma dukansu ukun a inuwa ɗaya suka taso, wato jam'iyyar ANPP mai alamar masara. Matawalle ya yi kwamishina a gwamnatin Yarima kafin ya tafi Majalisar Wakilai da kujerar Bakura da Maradun a 2003. Yari ya shugabanci jam'iyyar a jiha, ya kuma wakilci Anka da Talata Mafara kafin ya zama gwamna. Saboda haka in ana tambaya ko ya dace jam'iyyu su haɗa hannu bayan zaɓe ya sauya masu mulki, mutumin Faru ba labari za a ba shi ba. Ya ga manyan yankinsa suna cin tuwo akushi ɗaya, ya gan su ba sa ga maciji, ya kuma sake ganin su suna rungumar juna a gaban kyamara.

Amsar da wannan sharhi ya tsaya a kai ita ce, i, wajibi ne su yi aiki tare, amma kowa yana cikin jam'iyyarsa. Zamfara ta gwada narkewa cikin jam'iyya ɗaya, ta kuma gwada gaba ta har abada, kuma duka biyun an biya kuɗinsu da rayukan mutanen ƙauye.

A fara da ranar 24 ga Mayu, 2019. Rannan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, don haka duk ƙuri'un da ta samu sun tashi a banza. Ɗan takararta na gwamna, Mukhtar Shehu Idris, yana da ƙuri'a 534,541. Matawalle na PDP yana da 189,452. Kwana biyar bayan hukuncin, mai 189,452 ne ya rantse. Kujerun sanata uku da na wakilai bakwai da na majalisar jiha 24 duk suka suɓuce wa APC a yini guda. Kuma ba PDP ce ta kai ƙarar ba. 'Yan gida ne, ɓangaren Sanata Kabiru Marafa, bayan rikicin da ya raba Yari da wasu jiga-jigan jam'iyyar da ake kira G8, waɗanda a cikinsu akwai mataimakinsa Ibrahim Wakkala, da ministan tsaro na lokacin Mansur Ɗan'ali, da Dauda Lawal.

Da wuya a sami gwamnan da ya fi buƙatar jawo abokan hamayya a jiki kamar wanda ya hau ta wannan hanya, domin mafi yawan waɗanda suka fita zaɓe wani suka dangwala wa. A watannin farko an ga wata alama mai kyau. Gwamna ɗan PDP ne, shugaban ƙasa ɗan APC ne, amma kwamishinan 'yan sanda na tarayya, Usman Nagogo, shi ya riƙa jagorantar zaman sulhu da 'yan bindiga da 'yan sa-kai. An sako mutane da dama, hanyoyi sun ɗan buɗe. Gwamnatin ta kuma kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba na 2019. Rahoton ya ce tsakanin Yunin 2011 da Mayun 2019 an kashe mutum 6,319, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. Ana iya saɓani kan hikimar sulhu da mai riƙe da bindiga, kuma har gobe ana yi. Abin lura a nan shi ne bambancin jam'iyya bai hana Gusau da Abuja yin aiki kafaɗa da kafaɗa ba a lokacin da suka ga dama.

Sai dai a cikin gida ba a yi hakan ba. Sabuwar gwamnati da tsohuwa suka shiga jifan juna da zargi, kowane ɓangare yana nuna ɗayan da yatsa kan matsalar tsaro. Ana cikin haka, daren 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma jihar ba ta koma yadda take ba.

Maganin da 'yan siyasa suka kawo shi ne sauya sheƙa. Ranar 29 ga Yuni, 2021, aka yi gagarumin taro a Gusau, gwamna ya ajiye lemar PDP ya ɗauki tsintsiyar APC, 'yan majalisun tarayya da na jiha suka bi shi in ban da ƙalilan. Hujjar magoya bayan matakin tana da daɗin ji: in jiha da tarayya suka zama uwa ɗaya uba ɗaya, sojoji za su zo, kuɗi za su zo, rigimar manya za ta mutu.

Kwana tara bayan wannan taro, ranar 8 ga Yuli, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyuka biyar na gundumar Faru: Gidan Adamu, Tsauni, Gidan Baushi, Gidan Maidawa da Wari. 'Yan sanda sun ce mutum 35 aka kashe. Mutanen da suka yi jana'iza sun ce sun haura 40. A tsakiyar Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, cikin ƙaramar hukumar gwamnan kansa. Kwana biyu bayan haka aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur. A watan Mayun 2022 kuma aka kashe mutane da dama a Damri da maƙwabtanta a ƙasar Bakura.

Babu mai adalcin da zai ce sauya sheƙar ce ta jawo waɗannan hare-hare. Abin da ya tabbata shi ne ba ta hana su ba. Ga kuma abin da ta cinye: ta kusan share 'yan adawa daga majalisa, da wuya a sami mai miƙewa ya tambayi gwamnati inda kuɗin tsaro suke tafiya ba. Mutum ɗaya babba da ya ƙi bi, mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, majalisa ta tsige shi ranar 23 ga Fabrairu, 2022. Rigimar manya kuwa ba ta mutu ba, cikin ɗaki ta koma. Yari da Marafa suka ƙi amincewa da rushe shugabannin jam'iyya da aka yi domin a miƙa wa sabon shiga ragama, aka yi kusan shekara ana jan igiya, har aka fara maganar za su koma PDP. Sai a watan Mayun 2022, dab da zaɓen fid da gwani, aka sasanta. Gwamna ya riƙe tikitinsa, Yari ya karɓi na sanatan yamma, Marafa ya karɓi na tsakiya. Duk wanda ya bi labarin ya ga cewa da maganar tikiti ta matso, sulhun da ya gagara wata da watanni ya yiwu cikin 'yan makonni. Mutanen Gidan Adamu da Wari suna da haƙƙin tambayar me ya sa jana'izarsu ba ta kawo irin wannan gaggawa ba.

Wanda yake ganin zama jam'iyya ɗaya da Abuja shi ne mabuɗin tsaro, ya tuna da watan Yunin 2018. Yari gwamna ne na APC, kuma shugaban ƙungiyar gwamnonin Nijeriya. Buhari yana kan mulki. Ministan tsaro, Mansur Ɗan'ali, ɗan Birnin Magaji ne a cikin jihar. Duk da haka gwamnan ya fito ya shaida wa manema labarai cewa ya sauke nauyin zama babban jami'in tsaron jihar, tunda ba shi da iko a kan jami'an da ke aiki a cikinta. Bayan shekara bakwai, a watan Satumbar 2025, Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau a ƙarƙashin PDP, ya yi kusan irin wannan kuka: ya ce ya san inda jagororin 'yan bindiga suke, amma jami'an tsaro daga Abuja suke karɓar umarni. Gwamna biyu, ɗaya jam'iyyarsa guda da shugaban ƙasa, ɗaya ɗan adawa, kukansu iri ɗaya. Tushen abin yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar cewa sai ya tuntuɓi shugaban ƙasa ko minista tukuna. Soja kuwa babu hannun gwamna a kansa ko kaɗan. Ƙasa da sarakuna da dagatai da 'yan sa-kai suna hannun jiha, jirgi da bindiga suna hannun tarayya. Tsarin da aka gina haka ba ya tafiya sai ɓangarorin biyu suna magana da juna kullum, ko suna son juna ko ba sa so.

Shi ya sa abin da ya biyo bayan zaɓen 2023 ya zama abin takaici. Masu zaɓen Zamfara sun yi abin da ba kasafai ake gani ba. Sun ba Tinubu na APC jihar a zaɓen shugaban ƙasa, sun tura Yari majalisar dattawa, sannan bayan mako uku suka kayar da gwamna mai ci: Dauda Lawal ya sami ƙuri'a 377,726, Matawalle 311,976. A watan Agusta aka naɗa Matawalle ƙaramin ministan tsaro. Mutanen da suka raba ƙuri'arsu haka sun ɗora wa ɓangarorin biyu aikin zama da juna, ko sun faɗa da baki ko ba su faɗa ba.

Abin da aka gani dabam ne. Makonnin farko sun tafi a rigimar motocin gwamnati, har 'yan sanda suka shiga gidajen tsohon gwamna a Gusau da Maradun suka kwashe motoci, magana ta koma kotu. Sabon gwamna ya ce ya tarar da baitulmali wayam da bashin albashi, ɓangaren tsohon suka musanta. Shari'ar zaɓe ta ja har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake zaɓe a Maradun da wasu sassan Birnin Magaji da Bukkuyum, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda ranar 12 ga Janairu, 2024. Duk wannan ana iya cewa zafin faɗuwa ne da zafin nasara. Wanda ba shi da uzuri shi ne na watan Satumbar 2023, lokacin da aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajensu na haya a Sabon Gida. Iyaye suna kuka, sai ga gwamnatin jiha tana zargin wasu hukumomin tarayya da tattaunawa da 'yan bindiga a ɓoye ba da saninta ba, gwamnatin tarayya tana ƙaryatawa tana cewa an sa siyasa a harkar tsaro. Shekara guda bayan haka gwamnan ya fito a talabijin ya zargi ministan da hannu a ta'asar, ministan ya musanta ya ce shi ya rantse da Alƙur'ani, a zo a rantse kamar yadda ya yi. Sharhin rediyo ba kotu ba ne, ba zai yanke wa kowa hukunci ba. Amma ɗan bindigan da ke dajin Sububu shi ma yana da rediyo da waya. Jiha ta ce ba sulhu, ana raɗe-raɗin wani yana sulhu, shi kuwa ya san bango ya tsage.

Tarihin Arewa ya riga ya nuna inda irin wannan hanya take ɓullewa. A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina a lokacin, suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma cika majalisa da 'yan NPN. Majalisa ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa sau da dama, shi kuma ya ƙi saka 'yan NPN a gwamnatinsa. Kusan shekara biyu jihar tana tafiya babu kwamishina ko ɗaya, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Masoyansa suna ganin tsayuwa ce kan aƙida, kuma ba a raba Balarabe da gaskiya da tsantseni. Amma shirin da talakawa suka zaɓe shi dominsa bai kai ko'ina ba.

A ƙetaren iyaka abin ya fi muni. Zaɓen majalisar Nijar na Janairun 1995 ya ba 'yan adawa rinjaye, dole shugaba Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista, Mahamadou Issoufou kuma ya zama shugaban majalisa. Shekara guda aka yi ana jayayya kan wa zai kira taron ministoci, wa zai tsara abin da za a tattauna, wa zai naɗa shugabannin hukumomi. Ranar 27 ga Janairu, 1996, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kwashe su duka.

Ɗaya gefen kuma yana da nasa darasi. A 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya gayyaci jam'iyyu su shiga gwamnatin haɗin kan ƙasa. Shugabannin ANPP suka amsa, suka karɓi 'yan kujeru, suka janye daga ƙarar zaɓe, suka bar ɗan takararsu Muhammadu Buhari a kotu shi kaɗai. Ba a ji wani shiri na ANPP da ya shiga manufofin gwamnati ta wannan hanya ba. Abin da aka gani shi ne jam'iyyar ta fara zubewa: gwamnan Zamfara Mahmuda Aliyu Shinkafi da na Bauchi Isa Yuguda suka koma PDP, Buhari ya fice ya kafa CPC. Haɗin kan da aka gina kan rabon muƙami, masu muƙamin kaɗai yake ciyarwa.

To wane iri ne ake nema? Wanda aka ɗaure shi da aiki sananne, aka kuma yi shi a idon jama'a.

Na farko kuma mafi gaggawa shi ne tsaro. A ƙarshen Janairun 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa sama da 2,600 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14. Su suka san daji, su suka san wane tudu ne ke ɓoye wace hanya. Jirgin yaƙi kuwa na tarayya ne. A watan Janairun 2025 jirgin sojan sama ya yi luguden wuta a Tungar Kara, wajen iyakar Maradun da Zurmi, rahotanni suka ce mutum kusan 16 suka mutu, kuma 'yan sa-kai ne da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi. Babu wanda ya ce rigimar jam'iyya ce ta saki bam ɗin. Amma abin ya nuna yadda rai yake rataye a kan saƙo guda tsakanin mai tafiya a ƙasa da mai tuƙi a sama. Inda manyan da ke saman waɗannan rundunoni biyu ba sa ɗaga wa juna waya, na ƙasa da su ma sai su riƙa ɗari-ɗari. Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi: zama na ƙa'ida, wata-wata, wanda zai haɗa gwamna da duk wani ministan da jihar ta bayar, da sanatoci uku, da kwamandojin soja da 'yan sanda, da sarakunan yankunan da abin ya shafa, a fito da matsaya guda kan tambayar da ta fi kowace raba kai, wato a yi sulhu ko kada a yi, da wa, bisa wane sharaɗi. Zamfara ta ba da ministan tsaro a 2014, Janar Aliyu Gusau. Ta ba da wani a 2015. Ta ba da ƙaramin minista a 2023. Jihar da ta sami wannan gata sau uku cikin shekara goma bai kamata a ce manomanta suna biyan ɓarayi haraji kafin su girbe gero ba.

Sai madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ita ce cibiyar arzikin waɗannan ƙananan hukumomi uku. An kammala ta a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da nufin shayar da kadada 23,000. Dattawan yankin ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa. Rannan ma gwamnatin Sakkwato da ta tarayya jam'iyya ɗaya ce, NPN. Yau madatsar tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ta tarayya. Gyaran magudanun da aka yi a shekarun baya da rancen Bankin Duniya aka yi shi, ƙarƙashin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014, a zamanin PDP, aka ci gaba da shi a zamanin APC. Amma ikon ƙasa yana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, taki da malaman gona na jiha ne, hanyar da za a fitar da shinkafa zuwa kasuwar Mafara ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma, sojan da zai tsare mai noman rani kuma na Abuja ne. Buhun shinkafa ɗaya sai ya ratsa hannun hukuma huɗu kafin ya isa kasuwa. In gwamna ya ƙi halartar abin da sanata ya kawo, sanata ya raba nasa takin ta hannun 'yan jam'iyyarsa kaɗai, jiha ta raba nata ta hannun nata, manomin da ba shi da kati ko uban gida shi ne zai tashi hannu rabbana.

Majalisar jiha ita ce wurin da tsarin mulki ya tanada domin jam'iyyu su yi gardama su kuma daidaita, amma a Gusau ta zama fagen kora. A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisa suka ce sun tsige kakaki Bilyaminu Moriki, suna kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro a mazaɓunsu. Ɓangaren kakakin ya dakatar da takwas daga cikinsu, 'yan PDP da 'yan APC, har da wakilai daga Bakura da Maradun da Talata Mafara. Aka wayi gari da majalisa biyu, kowace tana cewa ita ce halattacciya, aka haura shekara a haka. Ko wane ne mai gaskiya a rikicin, mazaɓun da suka fi shan wuta sun zauna babu mai magana da yawunsu lokacin da ake zartar da kasafin kuɗi. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar gwamna ta lashe duka 14. Haka ake yi a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce ke mulki, kuma yawan yin sa bai mai da shi daidai ba. Gwamnan da ke son 'yan adawa su taya shi aiki, a nan zai fara nuna da gaske yake: ya bar su su ci inda suke da jama'a.

Akwai masu cewa duk wannan sassauci ne. A ganinsu jama'a sun kori gwamnati ne domin ta gaza, don haka zama da ita cin amanar masu zaɓe ne, kuma hanya ce ta binne binciken dukiyar da aka wawure. Damuwarsu tana da tushe, domin sau da yawa abin da manya ke kira sulhu yarjejeniya ce ta rufa mini in rufa maka. Amma ba a ce a janye ƙara ko ɗaya ba. Wanda ake zargi da cin kuɗin jama'a, EFCC tana nan, kotu tana nan, a kai takardu can. Wanda ake zargi da hannu a jinin mutane, zargin ya fi ƙarfin hira a talabijin, a kai shi gaban masu bincike da hujja. Ana iya gurfanar da mutum ranar Litinin a kuma zauna da jam'iyyarsa ranar Laraba kan yadda za a buɗe hanyar Mafara zuwa Maradun. Ɗan adawa ma aikinsa bai ƙare ba don ya zauna a teburin tsaro: gobe zai miƙe a majalisa ya tambayi nawa aka kashe wa Askarawa, nawa ya isa hannunsu.

Ghana ta taɓa shiga irin rigimar motocin da aka yi a Gusau. Da mulki ya sauya hannu a 2001 da 2009, an yi ta ƙwace motoci da gidaje daga hannun tsofaffin jami'ai cikin wulaƙanci da ramuwar gayya. A 2012 majalisarsu ta yi dokar miƙa mulki: kwamitin haɗin gwiwa na masu fita da masu shiga, bayanan kowace ma'aikata a rubuce kafin ranar zaɓe, da jami'i na musamman mai riƙe da lissafin kadarorin gwamnati. Dokar ba ta kashe gardama ba, amma ta samar da takardar da za a koma a duba. NPP ta karɓa daga NDC a 2017, NDC ta karɓa daga NPP a 2025, a tsakani ma an yi shekara huɗu kowace tana da kujera 137 a majalisa, kakaki kuma ɗan adawa ne, Alban Bagbin, kuma ƙasar ba ta tsaya ba.

Zamfara tana iya yin irin wannan doka ba tare da jiran Abuja ba. Abin da take buƙata shi ne rinjayen 'yan majalisa 24 da sa hannun gwamna. Za ta fayyace ranar da za a kafa kwamitin miƙa mulki, da lissafin motoci da gidaje da basussuka da kwangilolin da ba a gama ba, da abin da tsohon gwamna zai tafi da shi da wanda zai bari, da wajabcin miƙa duk bayanan tsaro, har da na duk wata tattaunawa da aka taɓa yi da mutanen daji, ga wanda zai gaje shi. Mulkin jihar ya sauya jam'iyya a 2011 da 2019 da 2023, ban da sauyin da wasu gwamnoni suka yi suna kan kujera, don haka babu ɓangaren da zai rantse ba zai sake zama mai fita ba. Lokacin da ya fi dacewa a zartar da dokar shi ne kafin zaɓen 2027, tun ba a san wanda za ta fara aiki a kansa ba, kuma masu neman kujerun majalisa daga Maradun da Bakura da Talata Mafara za su zo Faru neman ƙuri'a kafin ranar, inda za a iya tambayar kowannensu ko zai sa hannu.